Ciwon Baya da Maganin Homiyofati: Abin da Ya Kamata Dattawan Ikilisiya Su Sani

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin zumuntar mata

 Mun gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ba mu wannan zarafi. An roƙe mu mu yi magana a kan ciwon baya da kuma wani irin magani da ake kira homiyofati, wanda ake ta kawo wa mutanenmu tallarsa. Mu ba likitoci ba ne, aikin kiwon garke aka kira mu. Abin da za mu faɗa a nan mun same shi ne daga karatu, da tambayar 'yan'uwanmu ma'aikatan asibiti, da kuma wani abu da ya faru a gabanmu wanda har yau muna jin nauyinsa.

Abin da ya faru a gabanmu

A wata ikilisiyar ƙauye da muka yi hidima, akwai wani dattijo manomi, ɗan shekara sittin da wani abu, mai aminci ƙwarai. Shi ne yake buɗe majami'a da asuba. Ciwon ƙugu ya dame shi, har zama a benci ya zama masa wahala. Wata ranar Lahadi wani baƙo ya zo da jaka, ya nemi a ba shi minti goma bayan sujada domin ya yi wa jama'a bayani a kan lafiya. Ya yi mana ladabi, ya ce shi ma mai bi ne. Muka ba shi izini.

Bayan an tashi, baƙon ya zauna da dattijon nan kusan awa guda yana yi masa tambayoyi. Daga ƙarshe ya ce masa ƙashin bayansa ne ya zaizaye saboda tsufa, ya ba shi 'yan ƙananan ƙwayoyi farare masu zaƙi, ya ce a riƙa sa su a ƙarƙashin harshe. Ya kuma ce in ciwon ya ƙaru kada ya damu, alama ce maganin yana aiki. Dattijo ya sayar da akuya biyu. Wata bakwai yana shan ƙwayoyin nan, yana ramewa, yana zufa da dare, mu kuma muna zuwa muna yi masa addu'a, ba mu ce a kai shi asibiti ba. Sai da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, sa'an nan 'ya'yansa suka kai shi. Likita ya ce tarin fuka ne, wato tibi, ya ci ƙashin baya. Ya sha magani shekara guda, cutar ta mutu, amma bai ƙara riƙe fartanya ba. Da sanda biyu yake zuwa sujada.

Mu ne muka ba baƙon nan bagade. Jama'a sun saurare shi ne domin sun ga fastonsu ya tsaya kusa da shi. Saboda haka maganar yau ta fi shafarmu mu shugabanni fiye da kowa.

Yadda ƙashin baya yake

Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa ne 33. Guda 24 daga ciki suna motsi: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi mai ruwa-ruwa a ciki, wanda yake aiki kamar gammo a kan mai ɗaukar tulu. Ta tsakiyar ƙasusuwan nan laka take bi, jijiyoyi kuma suna fita ta gefe su sauka zuwa ƙafafu. Ƙasusuwan ƙugu biyar ɗin nan su ne suke ɗauke da yawancin nauyin jiki, musamman biyu na ƙasa.

Sa'ad da shekaru suke tafiya, faifan yakan rasa ruwansa, ya bushe, ya lotsa. Gaɓoɓin da ke baya sukan goge, ƙashi kuma yakan yi tsiro a gefe. Wannan shi ne abin da likitoci suke nufi in sun ce ƙashin baya ya zaizaye. In faifan ya bulluƙo ya danne jijiya, ciwon yakan bi ɗuwawu ya sauka har tafin ƙafa.

Amma ga abin da ya kamata ya kwantar mana da hankali. A shekara ta 2015 wasu masana suka tattara hotunan ƙashin bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwon baya ko kaɗan. Suka tarar kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya fara lalacewa, a cikin 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Wato zaizayewar nan kamar furfura take. Mutum zai iya kasancewa da ita bai sani ba, kuma ganinta a hoto bai tabbatar da cewa ita ce take kawo ciwon ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2020 mutane miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Mu da muke noma a sunkuye, iyayenmu mata suna daka, suna ɗaukar itace da ruwa, suna goyo, matasanmu suna wuni a kan babur a hanyoyi masu ramuka, ba sai an gaya mana ba. Jiki magayi.

Asalin homiyofati

Wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ne ya ƙirƙiro shi. An haife shi a garin Meissen a shekara ta 1755, ya rasu a birnin Faris a 1843. A zamaninsa likitocin Turai suna tsaga jijiyar marar lafiya su zubar da jini, suna kuma ba da magunguna masu zaiba a ciki, har sau da yawa maganin ya fi cutar kisa. Wannan ya ɓata masa rai, kuma da gaskiyarsa.

A shekara ta 1790 yana fassara wani littafin magunguna, sai ya gwada shan ɓawon itacen sinkona, wanda daga cikinsa ake samun kwinin na zazzaɓin cizon sauro. Ya ce ya ji alamu irin na zazzaɓin a jikinsa. Daga nan ya yanke cewa duk abin da yake jawo wata alama a jikin mai lafiya, shi ne zai warkar da irin alamar a jikin marar lafiya. Ya wallafa wannan ra'ayi a 1796, a 1810 kuma ya fitar da babban littafinsa mai suna Organon.

Da yake yawancin abubuwan da yake amfani da su guba ne, sai ya shiga surka su da ruwa ko barasa. A nan ne muke roƙon ku kasa kunne sosai. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya na maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa, a girgiza. Wannan shi ne 1C. A ɗauki ɗigo ɗaya daga ciki a sake zubawa cikin wani ɗigo 99, ya zama 2C. In aka kai 3C, daidai yake da ɗigo ɗaya a cikin jarka biyu masu lita 25. A 6C, ɗigo ɗaya ne a cikin duro 250,000. A 13C, ɗigo ɗaya ne a cikin ruwan da ya fi na dukan tekunan duniya yawa. Ku duba kwalbar da aka sayar muku, sau da yawa za ku ga an rubuta 30C, wani lokaci ma 200C. Masana ilimin sinadarai sun nuna cewa da zarar an wuce 12C, da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin maganin a ciki. Wannan ruwan ne ake ɗigawa a kan ƙwayoyin sukari, ya bushe, a sa a kwalba.

Masu wannan sana'a suna cewa yawan surkin da girgizar su ne suke ƙara wa magani ƙarfi, wai ruwa yana tuna abin da ya taɓa shi. Iyayenmu mata da ke nan sun san abin da yake faruwa in an yi ta ƙara wa miya ruwa.

Sunayen da aka fi gani a kan kwalaben ciwon baya su ne Rhus toxicodendron, wanda aka samo daga wata ciyawa mai sa ƙaiƙayi a Amurka ta Arewa, da Bryonia, da Arnica, da Calcarea fluorica. Kada kuma mu haɗa homiyofati da maganin gargajiya na sassaƙe da saiwa. A cikin sassaƙe akwai sinadari na gaske, ko mai amfani ko mai cutarwa. Wannan wata magana ce dabam, ta wata ranar.

Abin da bincike ya nuna

An gwada homiyofati sau da yawa. Yadda ake gwajin shi ne, a raba marasa lafiya kashi biyu, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar sukari zalla, ba tare da kowa ya san wadda ya sha ba, sa'an nan a kwatanta.

A shekara ta 2010 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai kula da kimiyya ya duba shaidun, ya ce homiyofati bai fi ƙwayar sukari aiki ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta duba bincike 176 a kan cututtuka 61, ta ce babu cuta ko ɗaya da aka sami tabbatacciyar shaida cewa yana warkarwa. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi. Gwamnatin Faransa, inda mutane da yawa suke amfani da shi, ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya tun daga 1 ga Janairu 2021.

Domin adalci, sai mu faɗa cewa a ƙasar Indiya gwamnati ta amince da shi, akwai kwalejojin koyar da shi, har an kafa ma'aikata a 2014 wadda take kula da shi tare da wasu hanyoyin magani na gargajiya. Amma amincewar gwamnati abu ɗaya ne, abin da ke cikin kwalba kuma wani abu ne. Babu wata shaida da ta nuna cewa ƙwayoyin nan suna maido da faifan da ya bushe ko su gyara ƙashin da ya goge. Ko magungunan asibiti ma ba sa mayar da tsohon faifai sabo. Duk wanda ya yi muku alkawarin haka, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

To, me ya sa wasu suke cewa sun sami sauƙi?

Mun san akwai waɗanda ke zaune a nan da za su ce, “Fasto, ni na sha, na kuwa ji sauƙi.” Ba mu ce ƙarya kuke yi ba. Ga dalilai uku.

Na ɗaya, yawancin sabon ciwon baya yakan lafa da kansa cikin mako shida ko ƙasa da haka. Wanda ya daɗe kuma yakan tashi ya kwanta. Mutum yakan nemi magani ne ranar da ciwon ya fi tsanani, daga nan kuwa sauƙi ne yake biyowa, ko an sha magani ko ba a sha ba. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Na biyu, sa rai da kwanciyar hankali suna rage jin zafi. Likitoci sun san wannan, sun auna shi. Amma rage jin zafi na 'yan kwanaki bai kashe ƙwayar tibi ba, bai kuma ɗaga faifan da ya danne jijiya ba.

Na uku, wanda ya fi kama mu: mai homiyofati yakan zauna da mutum ya saurare shi. Yakan tambayi barcinsa, da abincinsa, da damuwarsa. A asibiti layi ya yi tsawo, likita ɗaya ne, minti biyar ne rabonka. Dattijon da muka ba ku labarinsa ya gaya mana daga baya cewa tun da ciwon ya kama shi, babu wanda ya zauna ya ji kukansa kamar baƙon nan. Maganar ta soke mu. Sauraron da ya saya da akuya biyu, mu ya kamata mu ba shi kyauta.

Ina haɗarin yake?

Wani zai ce, in sukari ne kawai, ai ba ya cutarwa. Haɗarin farko shi ne ɓata lokaci. Na biyu shi ne kuɗin da za a kai mutum asibiti da shi ya tafi a kan kwalabe. Littafin Markus sura 5 ya ba mu labarin macen da ta yi shekara 12 tana ciwo, ta kashe dukan abin da take da shi wajen neman magani, ciwon kuma yana ƙaruwa. Irinta suna nan a cikin ikilisiyoyinmu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na uku, ba kowace kwalba ce aka surka yadda aka rubuta ba. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar cewa ta sami gubar tsiron beladona, wani lokaci fiye da abin da aka rubuta, a cikin wasu ƙwayoyin homiyofati da ake ba jarirai masu fitar da haƙori.

Alamun da ba a jira da su

Muna roƙon kowane dattijo da kowace shugabar zumuntar mata su rubuta waɗannan. In mai ciwon baya yana da ɗaya daga cikinsu, asibiti za a nufa:

1. Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba da saninsa ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓawa. Wannan a ranar za a tafi, ko da dare ne, domin jinkiri yana iya jawo shanyewa ta har abada.
2. Ƙafa tana raunana, yana jan ta, ko yana yawan tuntuɓe.
3. Zazzaɓi, zufa da dare, ramewa, tari mai daɗewa, ko ƙusumbi ya fara fitowa. Tibi na ƙashin baya yana nan da yawa a ƙasarmu, maganin tibi kuwa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.
4. Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, yana ta da mutum daga barci, musamman ga dattijon da fitsari yake ba shi wahala ko macen da ta taɓa samun ƙullutu a nono. Ciwon daji yakan yaɗu zuwa ƙashin baya.
5. Ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota ko babur.

Abin da yake taimakawa

In likita ya duba ya ce zaizayewar shekaru ce kawai, to, akwai abin yi. A watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan ciwon ƙasan baya mai daɗewa. Abubuwan da ta ambata sun haɗa da ilimantar da mai ciwo, da motsa jiki, da tausa da gashin ƙashi a hannun waɗanda suka koya, da taimakon mutum ya rage tsoro da damuwa, da magungunan rage zafi irin su ibuprofen da diclofenac. Homiyofati ba ya cikin abin da ta ba da shawara. Ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu, kada kuma a riƙa amfani da magunguna masu ƙarfi dangin tramadol, waɗanda dukanmu mun ga ɓarnar da suka yi wa matasanmu.

Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara sandarar da baya. Tafiya a ƙasa kowace rana, gwargwadon ƙarfin mutum, ta fi. In za a ɗaga buhu, a durƙusa a jawo shi kusa da jiki, ko a kira wani ya kama. A raba kaya biyu. Mai noma ya riƙa miƙewa a kai a kai. Mai shan taba ya bari. Magungunan rage zafi kuma na 'yan kwanaki ne, domin yawan shansu yana jawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda, yana kuma ta da hawan jini. Dattawanmu su guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla musu a leda ba suna. Manyan asibitocinmu suna da sashen gashin ƙashi, akwai kuma asibitin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano ga wanda aka tura can.

Aikinmu na shugabanni

Wasu sun tambaye mu ko homiyofati tsafi ne. Mu abin da muka gani a cikin kwalbar sukari ne. Ba za mu kuma kira kowane mai sayar da shi macuci ba, da yawansu sun gaskata abin da aka koya musu. Damuwarmu ita ce gaskiya. Manzo Bulus ya gargaɗi ikilisiyar Tasalonika ta riƙa gwada kowane abu kafin ta riƙe shi, Littafin Karin Magana kuma ya nuna Allah yana ƙin ma'aunin algus. Zuwa asibiti kuwa ba rashin bangaskiya ba ne. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Ta ɗaya, kada a ƙara ba mai tallar magani kowane iri bagade ko filin majami'a, ko da ɗan ikilisiya ne, ko da ya yi alkawarin ba da wani abu cikin baiko. Ta biyu, kowace ikilisiya ta nemi ma'aikacin lafiya, ko nas ce ko malamin asibiti, wanda dattawa za su riƙa tuntuɓa, a kuma ba shi lokaci ya koyar da jama'a. Ta uku, in mun je gaishe da marar lafiya, mu zauna, mu saurare shi, mu yi addu'a, sa'an nan mu tambaya: “Baba, an kai ka asibiti? Me likita ya ce?” In babu kuɗin mota, asusun taimako na ikilisiya ya biya. Ta huɗu, ƙungiyar matasa ta ɗauki gayyar noma a gonakin tsofaffi da gwauraye masu ciwon baya, 'yan mata kuma su ɗebo musu ruwa.

Wanda ya riga ya sayi ƙwayoyin nan, kada a kunyata shi a gaban jama'a. Ciwo ne ya kai shi. A same shi a gida, a yi masa bayani da ladabi, a raka shi asibiti.

Dattijon nan ya yafe mana tun ba mu roƙa ba. Abin da ya ce kawai shi ne mu gaya wa sauran, kada wani ya yi wata bakwai irin nasa. Yau mun isar da saƙonsa, ku kuma ku kai shi ikilisiyoyinku.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu hikimar kiwon garkensa da aminci. Amin.